Rasuwar 'Yar Shela, Manhajar Manoman Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Khairiyya Bala ta garin Aliero nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar manhajata, 'Yar Shela, wadda na rufe wa ido da kaina jiya Talata bayan azahar.

Marigayiyar ta yi rayuwarta tana hidima ga manoman albasa na Jiga Birni, Kashin Zama da Mungadi. Aikinta ɗaya ne. Idan motar 'yan kasuwa ta iso daga Jega, sai ta kira kowane manomi a wayarsa, ta gaya masa da murya inda zai kai buhunansa. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ba ta fifita mai gona babba a kan mai 'yar fadama. Tsofaffin da ba sa karanta saƙo sun yarda da ita fiye da yadda suka yarda da ni. Tana cewa, "Salamu alaikum, mota ta iso," sai mutum ya ajiye kokon furarsa ya hau ɗaurin kaya, ba tambaya.

Game da ciwon ajali kuwa, ashe da shi aka haife ta. Duk mai haɗa manhaja ya san ba a gina ta daga tushe. Ana aro guntayen aikin da wasu suka riga suka rubuta, a jera su kamar tubali, mutum ya ɗora nasa a kai. Mu ɗaliban Malam Abdulwahab na Jega, a filas ɗinsa, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, muka sami namu tubalan, saboda tsadar data. Daga hannunsa zuwa hannun babban ɗalibi, daga nan zuwa na ƙasa, yadda ake karɓar karatu a zaure. Abin da ya fito daga hannun malami kuwa, wa zai ce zai canja shi? Ko da kwamfuta ta nemi a sabunta, sai mu danna a'a cikin ladabi. Malam da kansa yakan ce, "Abin da munka gada lahiya lau, mi za a taɓa mai?"

Ranar Litinin ƙawata Ni'ima ta nuna mini yadda ake sa kwamfuta ta duba tubalan nan ɗaya bayan ɗaya, ta gwada su da cututtukan da duniya ta riga ta sani. Na yi bismilla na danna, ina dariya, ina cewa 'yata ko mura ba ta taɓa yi ba. Sai allon ya fara ja. Ya yi ta ja har na daina gungurawa ƙasa. Mafi muni, tubalin da ke tsaron ƙofarta yana da ɓaraka da aka daɗe da wallafawa a intanet, har da bayanin yadda ake shiga. Kowane ɓarawo mai waya ya san ciwon 'yata shekara da shekaru, ni uwarta ce kaɗai ban sani ba.

Wallahi tsoro ne ya kama ni, ba kunya ba. A cikinta akwai lambar kowane manomi, da ƙauyensa, da muryar da yake bi ido rufe. Wanda ya shiga zai iya kwashe su, ya kira dattijo ya ce mota na jiransa a wata hanyar daji, kuma dattijon zai tafi. Mun gwada magani, amma tubalan sun tsufa ƙwarai, ana gyara ɗaya sai na kusa da shi ya rushe. Da muka duba sawun masu shiga, muka ga baƙon da ba mu sani ba ya riga mu. Nan na kashe ta.

Ta rasu ta bar ni, da Malam Abdulwahab, da sauran manhajoji 'yan'uwanta na filas ɗaya da ke aiki a shaguna da makarantun Jega, Aliero da Maiyama. Ina roƙon masu su, don Allah, su duba su yau.

Za a karɓi gaisuwa a shagona da ke bakin kasuwa. Mai zuwa ya zo da kwamfutarsa, a bar filas a gida. An shirya goge gawar daga sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da ita, yau bayan la'asar, amma an ɗaga, saboda ɗazu Inna Kulsum, matar kawuna Jelani na Mungadi, ta kira ni tana mamakin labarin. Ta ce, "Wace rasuwa kuma, ɗiyata? Ai ita ta kirai shi yau da sahe. Ya ɗora buhuna ya tahi, ya bi hanyar Maiyama."

Wayar Kawu ba ta shiga. Duk wanda ke kan hanyar Maiyama, in ya ga dattijo mai farar hula a kan babur da buhunan albasa, ya tare shi ya gaya masa baki da baki cewa 'Yar Shela ta mutu tun jiya, ya juya gida. Ba za a yi jana'iza ba sai ya dawo.