Rasuwar Goggo Beti, Bindigar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda matata Salome ta ce kada in sa sunanta a ciki, ni Barnabas Kelesi na ƙauyen Tasiloki nake sanar da rasuwar bindigarmu, Goggo Beti, tana da shekara sittin.

Sojojin Amirka ne suka bar ta a gonar rogonmu bayan yaƙinsu da Japan, mahaifina ya raine ta. Sau ɗaya ta taɓa ɗaga murya. Ta ce "daram!" ga wani aladen daji, ta huda tankin ruwan coci, ta cire wa baba haƙori. Tun daga ranar sai "ƙyas" kawai take cewa.

Marigayiya mai son zaman lafiya ce. Ta tokare ƙofar kaji, ta kaɗo mana gwanda. Lokacin rikici, da samari masu bindigogi suka zo ɗauke injin jirgina, tare muka kwanta ni da ita a ƙarƙashin gado, ba wanda ya tona asirin wani.

Ciwon ajalinta ya fara ne da nas Dorothy, wadda ta gudu ranar da aka nuna mata bindiga a asibitinmu. Ta aiko cewa ba za ta dawo ba sai ƙauyen ya zama babu makami ko ɗaya. Kowa ya miƙa nasa, ni na ƙi. Na tuna musu yadda Turawa suka kwashe bindigogin kakanninmu kafin su ɗora musu haraji. Salome ta ce gaskiya ne, sannan ta tuna mini cewa 'yarmu Jenita ta kusa haihuwa, kuma ɗan Jenita na fari a cikin kwalekwale ya mutu, a hanyar zuwa asibitin Honiara, babban birni. Na yi kuka, na kai Goggo da hannuna, aka yanka ta gida uku.

Ta bar ƙusoshi biyu da ake rataye ta a bango, da iyalan zanzaro da suka yi gida a bakinta, da jikokin aladen nan masu yawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan addu'a, a teku, can bayan duwatsu, a cikin wannan kwalekwalen. A zo da gwaza, kada a kawo furanni. Ana karɓar gaisuwa a barandar asibiti. Mai kuka ya yi a hankali, jikata tana barci a ciki.