Rasuwar Dattijo, Faifan Ajiyar Shagon Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kuka ya kumbura, mai hoto na bakin titi da maiɗakinsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, wato baƙin faifan ajiyar nan mai girman tafin hannu da ke zaune a bayan kwamfutar shago, wanda ya riƙe duk bidiyon da aka taɓa ɗauka a wurin. An tabbatar da cikawarsa jiya da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinya da gajeren magani.

Marigayin ya shigo shagon tun mai hoto bai fara furfura ba. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya zaɓen abin da za a ba shi. Bikin aure, yaye ɗalibai, buɗe sabon kanti, taron ƙungiya, duk ya haɗiye bai taɓa cewa ya gaji ba. Wuta ta ɗauke masa a tsakiyar aiki ba sau ɗaya ba, ya tashi ya ci gaba. Ya taɓa faɗowa daga tebur ranar da maiɗaki ta ja wayarsa da tsintsiya, ya suma, sannan ya farfaɗo ya yafe mata. Da safe idan an jona shi sai ya ce "zuuu" a hankali, 'yar fitilarsa ta kama, in ana neman abu a cikinsa kuma ya riƙa "ƙir-ƙir-ƙir" kamar tsoho yana laluben aljihu. Mai hoto ya ce wannan ƙarar ta fi masa kowane kiɗa daɗi, kuma ba wasa yake yi ba.

Ya kamata jama'a su san abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin mai hoto. A tsallaken titi akwai wata dattijuwa mai ɗinki, wadda kowa ke kira Mama. 'Yarta ɗaya tak, ma'aikaciyar jinya, ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jaririya. Jaririyar yanzu ta isa makaranta, ta kuma fara tambayar kakarta yadda muryar uwarta take. Hotuna dai Mama tana da su cike da bango. Amma wurin da marigayiyar ta yi magana aka naɗa, a duk duniya wuri ɗaya ne: bidiyon yaye ɗaliban jinya, inda ta tsaya ta yi jawabi a madadin ajinsu, ta yi tuntuɓen harshe, ta yi dariya, ta ci gaba. Mai hoto ne ya ɗauka. Faifan sidi da ya ba Mama a lokacin ya karce tun tuni. Da ta tsallako ta tambaye shi, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Haba Mama, ki kwantar da hankalinki. Yana wurin Dattijo. Ranar Laraba da la'asar ki kawo jikar taki, zan sa mata a babban allo." Gobe ce Larabar.

Ciwon ajali ya fara da ƙaramin abu. "Zuuu" ɗin safe ya koma "ƙas... ƙas... ƙas," sai an jira kafin fitila ta kama. Mai hoto ya naɗe shi a tawul ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya kara shi a kunne, ya girgiza kai, ya ce tafiya ɗaya ta rage masa, ita ma ba doguwa ba. A kwashe abin da ke ciki zuwa sabon faifai, kuma kada a wahalar da shi.

To, a nan ne matsala ta kunno kai, domin mai hoto mutum ne mai tsoron asara. Kowane bidiyo sai ya ajiye shi a wuri uku ko huɗu a cikin faifai guda: akwai jakar "sabo," akwai "sabo na biyu," akwai "sabo na gaskiya," akwai wadda ya sa wa suna "kada a taɓa." Kwashe wannan tarin duka zai kashe Dattijo a hanya, sabon faifan ma ba zai ɗauka ba. Dole a tace, a ɗauki ɗaya daga kowane iri a bar maimaici.

Sai maiɗaki ta kira ƙaninta, mai rubuta manhajar kwamfuta, mutumin kirki wanda ya san aikinsa, wanda ya sadaukar da ranar hutunsa don wannan. Ya yi wa mai hoto bayani a tsanake. Ya ce akwai wani lissafi da su a sana'arsu suke kira hash, yana karanta fayil ya matse shi ya fitar da wata gajeriyar lamba, kamar zanen yatsan mutum. Fayil biyu da lambarsu ta zo ɗaya, abu ɗaya ne, sai a kwashi na farko a tsallake na biyu. Amma a karanta kowane bidiyo daga kai har ƙafa don fitar da lambar, wannan wahala ce da majinyacin ba zai jure ba. Saboda haka, don tausayi, zai sa manhajar ta karanta ɗan farkon kowane fayil kawai. "Yaya," in ji shi, "ai bidiyo biyu daban ba sa farawa iri ɗaya."

Wayyo, jama'a! A shagon kowa haka ne, ban da wannan shagon. Tun shekarar da ya buɗe, mai hoto ya haɗa wata gabatarwa da yake ji da ita: tambarin shago yana juyi, taurari suna zubowa, kiɗa yana tashi, ga muryarsa yana faɗin sunan shagon da ƙarfi. Babu bidiyon da ya taɓa fita daga hannunsa ba tare da wannan a gaba ba, iri ɗaya sak, ba ƙari ba ragi. Maiɗaki ta sha ce masa ta yi tsawo. Ƙaninta kuwa bai taɓa zama ya kalli bidiyon shagon daga farko ba, shi kuma mai hoto da ya ji ana maganar lamba da lissafi sai ya yi ta gyaɗa kai, bai ga inda taurarinsa suka shiga zancen ba.

Aka kunna manhaja. Ta leƙa bidiyo na farko, ta ga taurari, ta fitar da lamba, ta kwashe shi. Ta leƙa na biyu, ta ga taurari, lamba ta zo ɗaya, ta ce wannan ai na riga na ɗauka. Na uku haka, na huɗu haka, har ƙarshen faifai. Ba a gaya mata ta duba girman fayil ba, ba a gaya mata in lamba ta zo ɗaya ta sake kwatantawa kafin ta yanke hukunci ba. Abin da aka ce ta yi shi ta yi, da gaskiya da riƙon amana. Hotuna kuwa ba su da gabatarwa, kowanne da lambarsa, sai ta tsaya ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma a kansu ne Dattijo ya ƙarar da sauran ƙarfinsa.

Da allo ya nuna an gama, sai murna. Mai hoto ya rungumi ƙanin matarsa, ya aika aka sayo lemo mai sanyi, ya ce yau ya ga amfanin boko. Saurin da aikin ya yi ma suka ɗauka albarka ce. Sai da aka shanye lemon, mai hoto ya buɗe sabon faifai don ya ware wa Mama nata, ya tarar da bidiyo ɗaya zaune shi kaɗai a jakar. Ya rufe ya sake buɗewa. Ƙanin maiɗaki ya sunkuyo ya duba, ya dafa tebur, ya ce, "Yaya, me ke farkon bidiyoyinka?" Mai hoto ya kunna masa. Taurari suka fara zubowa.

Da sauri suka mayar da wayar Dattijo. Ya ce "ƙas." Suka jira. Ya sake cewa "ƙas," a hankali fiye da na farko, fitilarsa ta yi ƙyaf ta mutu. Washegari mai gyara ya buɗe cikinsa ya tarar allurar da ke karanta bayanai ta karce faifan, ya mayar da murfi, ya miƙa wa mai hoto hannun ta'aziyya.

Marigayin ya bar bidiyo ɗaya a duniya: taron shekara na ƙungiyar masu gidajen haya, inda shugabansu ya yi doguwar magana kan toshewar magudanar ruwa, ana tari a bayansa. Ya bar hotuna masu yawa, ciki har da waɗanda suka yi duhu, da waɗanda yatsan mai hoto ya rufe rabinsu, da na silin ɗin shago da aka ɗauka bisa kuskure, duk sun iso lafiya ƙalau. Ya bar wayarsa, da tawul, da sabon faifan da ko kallonsa mai hoto ba ya son yi. Ya bar gabatarwar nan mai taurari cikin ƙoshin lafiya, abin haushi.

Iyalin suna roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tambayi laifin wane ne. An riga an yi wannan a gida, kuma bai dawo da komai ba. Ƙanin maiɗaki bai koma ofis ba, yana zaune a lungun shago yana ta karanta layukan da ya rubuta, yana cewa layi ɗaya ne ya rage, layi ɗaya da zai duba girman fayil. Maiɗaki tana tsakanin miji da ƙani, ta rasa wanda za ta rarrasa. Shi kuwa mai hoto tsoro ne ya cika shi, tsoro da kunya. Ya kira makarantar jinyar, aka ce waɗanda suka san zancen sun yi ritaya. Ya kira duk lambar da yake da ita ta 'yan ajin, wasu ba sa shiga, wata ta ce nata ya tafi da tsohuwar wayarta, wata ta ce za ta duba, har yanzu shiru. Ya tsallaka titi don ya gaya wa Mama, ya tarar tana taka keken ɗinki tana 'yar waƙa, sai ya tambaye ta ko tana da farin zare, ya dawo.

Ga yadda aka tsara. Gawar tana kan kantar shago, naɗe cikin ƙyallen goge gilashin kyamara, ga mai son ganin ƙarshe. Ba za a binne shi ba, ba za a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa ba. Za a sa shi a aljihun tebur na sama a kulle, ko Allah Zai kawo wani mai ilimin da ya fi na yanzu. Za a zauna karɓar gaisuwa gobe Laraba tun buɗe shago. Ba a buƙatar kowa ya riƙo komai, sai abu ɗaya: duk wanda ya halarci yaye ɗaliban jinyar nan, ko matarsa, ko ƙanwarsa, ko maƙwabciyarsa, don girman Allah ya binciki akwatuna da ƙarƙashin gado, ya zo da tsohon sidi ko tsohuwar waya, ko ta fashe, ko ba ta kamawa. Ko rabin jawabin ne. Ko dariyar ce kaɗai. Mai hoto zai durƙusa ya karɓa.

Za a tashi daga zama kafin la'asar. Wanda ya makara har la'asar ta yi, ana roƙonsa kada ya shigo, ya tsaya daga waje, domin a lokacin ne Mama za ta tsallako da jikarta. Tun shekaranjiya take ɗinka wa yarinyar sabuwar riga, ta ce ba za ta je ganin uwarta da tsohuwa ba.