Kansila Gafiya da Jirgin Titi

Allah ya yi wa birnin Viyana baiwa da Mai Girma Kansila Dokta Injiniya Alois Pichlmayer. Ka kuskura ka tsallake ɗaya cikin laƙabban nan, ba zai amsa gaisuwarka ba. Mu dai a unguwa Gafiya muke ce masa, don shi duk alherin duniya a rami yake hango shi.

"Birnin da ya waye," in ji shi, yana shafa tumbi, "ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Muna da jirgin rami, me za mu yi da wannan akwala mai ƙararrawa?"

Akwalar ita ce jirgin titin unguwarmu, mai bin dogo a tsakiyar titi, mai tsayawa a ƙofar gidan burodi da kantin magani da maƙabarta. Tashar jirgin rami kuwa tana can gangare, kafin ka kai, gwiwa ta gaya maka. Wallahi ranar da muka ji zai kai ƙudurin cire layin gaban majalisa, ranmu ya ɓaci. Maƙwabciyata Hedwig, tsohuwa mai sanda biyu, har hawaye ta yi, don in babu jirgin nan ta daina ziyartar kabarin mijinta ke nan.

Gwanin bai taɓa shiga ko ɗaya cikin jiragen ba, amma ina ruwan mai ilimi da wannan wahala? Ana jibi ƙuri'a ya gayyato 'yan jarida su gane wa idonsu. Ya iso a shirgegiyar motarsa, ya jibge ta a bayan kwana, gindinta bisa layin dogo. Babban mutum ai ba ya waiwaye. Ya tako tasha, ya gyara murya.

Can sai jirgi ya leƙo daga kwanar, ya tsaya cak, yana ta buga ƙararrawa. Wani jirgin ya zo ya tsaya a bayansa. Gafiya kamar ya taka rawa.

"Kun gani ko? Ya mutu a tsaye! Ku ɗauki hoto!"

Wani ɗan jarida ya ce, "Ranka ya daɗe, wai mota ce ta tare shi."

"Wane jaki ne? A janye ta, a ci shi tara! Ku rubuta ni na faɗa!"

Suka rubuta kuwa. Ba a jima ba motar janwe ta wuce ta gabanmu a hankali, ɗauke da shirgegiyar, fuskar Gafiya manne a ƙofarta tana murmushin neman ƙuri'a. Hoton da ya binne ƙudurin ke nan.

Jirgi ya ƙaraso, muka shiga. Hedwig ta leƙo ta taga: "Yallaɓai Dokta Injiniya, in gida za ka, taho mu rage maka hanya!"

Ƙofa ta riga ta rufe. Ya tsaya gabanta, ƙirji a gaba, yana jiran a buɗe masa. Duk mun san maɓalli ake dannawa, ga shi nan daidai cibiyarsa yana haske. Babu wanda ya nuna masa. Jirgi ya buga ƙararrawa, ya tafi da mu.