Rasuwar Waindan Ƙofar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta saba faɗin haka a bainar jama'a ba, Malam Mainasara Adda, direban motar gidan wanki, mazaunin hawa na tara a Thamesmead, yana sanar da mutanen Arewa da ke London, da duk mai jin Hausa ko da ta kasuwa ce, rasuwar waindan ƙofar hagu ta motarsa, wato ƙarfen nan da ake murzawa gilashi ya sauka ko ya hau. Ya cika ranar Juma'a, sha tara ga Nuwamba, 1976, a babban titin Plumstead, ana ruwa. Shekarunsa goma sha takwas a duniya, goma daga ciki a hannun Mainasara.

Mainasara aji uku ya yi a elementare, amma ya san ƙarfe ba shi da rai, ba shi da hisabi. Ba sai wani ɗalibin jami'a ya tare shi a hanya ya gaya masa ba. Wanda ya ga abin dariya ne ya yi dariyarsa ya matsa, wani ya karanta.

Marigayi ya zo ne a jikin wata mota mai ruwan toka da kujerun fata, wadda Mainasara ya saya a hannun wani tsohon Bature a 1966, da niyyar ya sa ta a jirgin ruwa ya shiga Gusau da ita. Yaƙin basasa ya hana. Da yaƙi ya ƙare, sai a 1972 aka koma tuƙin hannun dama a gida, sitiyarinta ya zama yana gefen da ba a so. Maiɗakinsa Hansai ta ce a bar mota a tafi, ga kuɗin man fetur ya buɗe, kowa komawa yake. Shi ya ce ba ya barin abin da bai yi masa laifi ba. Ta ce to ya zauna da ita. Ta kwashi yara biyu ta tafi. Wasiƙa tana zuwa, sallah-sallah.

Wanda bai taɓa tuƙi a ƙasar nan ba ba zai san girman aikin marigayi ba. Direba a dama yake zaune, tagarsa tsakiyar titi take kallo, ba abin da ke can sai motoci da hayaƙi. Mutane, masu tafiya da ƙafa, duk a hagu suke. Saboda haka tagar hagu ita ce tagar gaisuwa. Mainasara kuwa ba ya gaisuwa da hon, kuma shi ba kifi ba ne da zai riƙa buɗe baki a bayan gilashi. In ya hango hula, ko zane a kumatu, ko tafiyar da ta yi kama da ta gida, sai ya ci birki, gilashi ya sauka, ya yi sallama da baki kamar ɗan halak. Da Hansai tana nan ita ke murzawa, tana mita. Bayan ta tafi sai ya riƙa miƙewa ta kan kujerarta ya murza da kansa.

Gaskiya yawancin sallamar ba ta samun amsa. Wani ya zama mutumin Jamaika, wani ya amsa da Turanci yana sauri, wata mata ma ta taɓa cewa za ta kira ɗan sanda. Marigayi bai taɓa ƙin sauka don haka ba. Ƙir, ƙir, ƙir, in ya kai rabi ya ce ƙwat, kamar mai gyaran murya, sannan ya ƙarasa. In zai hau kuma, ƙiiii, a hankali, kamar ba ya so. Akwai ranakun da tun safe har Mainasara ya koma ɗakinsa na bene, ban da wannan ba wanda ya ce masa komai.

Sallama ɗaya ce ta ci riba. A 1968, a titin Rye Lane, wani gajeren mutum sanye da kayan aiki masu baƙin mai ya amsa da Hausar Kagoro, kuma kafin a gama tambayar gida da iyali ya ce waindan nan yana neman giris, tun daga tsallake ya ji kukansa. Shi ne Haggai Kambai, bakanike, mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Peckham. Daga ranar ya zama likitan marigayi. Kusan kowace Asabar akwai abin dubawa: yau sifirin ya saki, gobe noti ya kwance, wani satin gilashi ya goce daga layinsa. Haggai zai cire fatar ƙofa, ya ɗora shayi a kan risho, aikin minti ashirin ya kai su la'asar. Yana kiran Mainasara Sarkin Taurin Kai, Mainasara yana kiransa Likitan Da Ba Ya Warkarwa. Sun yi musu a kan doya da gero, a kan wanda garinsu ya fi sanyi, a kan komai. In lokacin salla ya yi, Haggai ne ke share wuri a bayan tayoyi ya shimfiɗa kwali.

Ciwon ajalin marigayi ya daɗe, kuma Mainasara ba zai ɓoye hannunsa a ciki ba. Mai zaune a dama, in zai miƙa ga ƙofar hagu, hannun hagu ne ya fi kusa. Shi kuwa ya ce abin da zai buɗe maka hanyar sallama ba a kama shi da hagu. Sai ya murɗe jiki ya kai hannun dama, ya ja mariƙin a karkace. Haggai ya faɗa ya sake faɗa: wannan jan yana cinye haƙoran ƙarfen ta gefe ɗaya, ya yi amfani da hagu, ƙarfe bai san ladabi ba. Mainasara ya ce shi ya sani.

Ranar Juma'ar, ya hango wani dattijo a wurin jiran bas, da hula kube, babbar riga tana leƙowa ta ƙarƙashin kwat. Wannan ba tantama, na gida ne. Ya tsaya, ya miƙa, ya murza. Ƙir, ƙir, sai ƙwas. Mariƙi ya shiga juyawa a banza, gilashi ko motsi. Ya yi sallama da ƙarfi a cikin rufaffiyar mota, shi kaɗai ya ji abinsa. Kafin ya zagayo, bas ta zo ta tafi da dattijon. Sai da ya kai kwanar Thamesmead, inda ba kowa sai siminti, sannan gilashin ya faɗa cikin ƙofa da kansa, tim. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Washegari Haggai ya buɗe ƙofa ya fito da gawa. Haƙora duk sun cinye, sai dasashi. Ya ce ko walda ba za ta kama ba. Daga nan ya taka benci, ya sauko da wani kwali daga saman kanta, ya hure shi. Sabon wainda ne fil a cikin takardar mai, an rubuta 1970 da fensir a gefe, da sunan Mainasara. Shekara shida yana can sama, suna shan shayi a ƙarƙashinsa. Mainasara ya tambayi dalili. Haggai ya ce mantawa ya yi. Dattijon coci ne, bai iya ƙarya ba, ƙofar ya kalla yana faɗa. Sannan ya ce ran huɗu ga Disamba zai bi jirgi zuwa Kaduna, an buɗe wurin haɗa motoci ana neman hannu, kuma ba ya son ya bar mota da ciwo a baya. Ya ce sabon, in an ɗaura shi, zai yi shekara ashirin ba wanda ya taɓa shi. Mainasara ya shanye shayinsa.

Marigayi ya bar 'yan'uwa uku: na ƙofar direba, wanda ba ya sauka sai don ɗan sanda, da biyu na baya, waɗanda ba a taɓa ba tun tafiyar yara. Ya bar gilashi kwance a cikin ƙofa, da kujerar hagu da ruwa ke jiƙawa yanzu. Ya bar likitansa. Ya bar Mainasara, wanda daga wata mai kamawa ba shi da inda za shi ran Asabar. Ba ƙorafi yake ba, sanarwa yake.

Za a yi sutura ranar Asabar, ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe goma na safe, a garejin Haggai. Za a wanke marigayi da kananzir, a naɗe shi a farin ƙyalle, a sa shi a kwalin magajinsa. Ba za a jefa shi a bola ba. Haggai ya yarda ya sa shi a akwatinsa, ya aika wa Hansai a Gusau, tunda ita ta fi kowa sanin hannunsa. Shi ne na farko a jikin motar nan da zai ga gida.

Ba za a ɗaura sabon ba sai an tashi daga zaman makoki. Kwana uku ne, Asabar zuwa Litinin, daga azahar zuwa la'asar, a Rye Lane, gaban shagon da ake sayar da gari da manja. Mota mai ruwan toka, mutum ɗaya a ciki. Kada a kawo komai. Ba sai an ƙwanƙwasa ba, tagar hagu a buɗe take. A sunkuyo kawai a yi sallama, za a amsa.