Rasuwar Bel Ɗin da Ya Riƙe Min Wando Shekara Talatin da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cike ɗan gurbin da ya rage a cikinta, ni direban babbar mota, a madadin kaina da wandunana guda shida, ina sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar bel ɗina na fata, baƙi, mai kan ƙarfe. Ya cika ranar Asabar da hantsi a bakin gareji, yana bakin aikinsa, a gaban mutum goma sha ɗaya.

Ajalinsa ya soma ne daga wata yarjejeniya da muka ƙulla da babban ɗana, wanda shi ma direba ne. Bara tari ya sarƙe ni a kan sitiyari ina ɗauke da siminti, har tayar gaba ta leƙa kwalbati. Likita ya haska ƙirjina, ya yi ta girgiza kai kamar shi ya haife ni. Sai ɗana ya ce in ba shi makullin mota in zauna a gida. Ni da na koya masa sa giya! Muka yi ciniki irin na kasuwa: in bar taba, in rage tumbi har bel ya shiga huji na huɗu cikin shekara guda, in kuwa na kasa, makulli nasa ne. A lokacin ina huji na farko, can bakin wutsiya. Shi sikeli ya so mu sa alƙali, na ƙi. Shekara arba'in ina hawa sikelin lodi, na san yadda ake sa shi ya faɗi abin da mai shi yake so. Na ce bel ba ya cin hanci. Muka tafa. Da bakina na naɗa marigayi mai ba da shaida.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana, mai rufin asiri. In na tashi daga kan kwanon soyayyen nama, iyakarsa ya ce "ƙiiƙ", ya yi shiru. In na dawo daga tafiyar kwana biyar na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa, kansa ya bugi katako "kwal", uwar 'ya'yana ta san maigida ya iso. Ya taɓa ɗaure min ƙofar mota da sakatarta ta ɓalle, tafiyar yini biyu. Ya riƙe min kwalin taba a kwiɓi shekara da shekaru bai yi min wa'azi ba, haƙurin da surukata ba ta taɓa yi ba ko na yini ɗaya. Bai taɓa dukan yaro ba. Hannu kawai nake kai masa, gida ya yi tsit.

Jinyarsa kuwa, ga yadda ta zo. Na bar taba, ko kara ɗaya ban sake kaiwa baki ba. Amma babu ɗan halak ɗin da ya gaya min cewa bakin da ya saba da aiki ba ya zama haka nan. Likitan da ya iya girgiza kai bai faɗa ba. Hanci ya buɗe, harshe ya farka, komai ya koma daɗi. Alewa, biskit, gyaɗa, burodi da shayi mai sukari cokali biyar. Cikin wata uku marigayi ya kasa kaiwa ko huji na farko.

Sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, don haka zan faɗi nawa. Na jiƙa shi a baƙin man da aka juye daga inji, na rataye shi a ƙarfen rufin gareji, na ɗaura masa batirin mota, kwana uku, don ya ƙara tsawo ɗana bai sani ba. Ina jin sa yana "ƙiiƙ, ƙiiƙ", na juya masa baya. Ya ƙaru da yatsa biyu. Tumbi ya riga ya ƙaru da huɗu. Na ɗura wa mai gaskiya hanci da ƙarfin tsiya, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da na kasa hawa motata, sai da mai facin taya ya turo ni ta baya kamar buhu, 'yan lodi suna kallo. Daga ranar na miƙa wuya ga uwar 'ya'yana, ita kuwa kamar jira take. Ta sauya min faranti da ɗan ƙarami irin na yara. Kabeji, karas, dafaffen wake, kifin da bai ga mai ba. Ta kori lemon kwalba ta ajiye min ruwa. Na ci ganye har ina jin kunyar haɗa ido da akuya. Kowace safiya in zaga filin ƙwallo sau shida, daga baya sau goma. In tafiya ta kama ni, in zaga motar kanta sau hamsin, abokan sana'a suna tambaya ko taya nake ƙirgawa. Mai teburin taba na bakin gareji kuwa, duk in na wuce ina haki sai ya miƙo min kara ɗaya kyauta. Allah yana kallonsa.

Huji na biyu ya zo, na uku ya zo. Kafin shekara ta cika na kai na biyar, hannu yana shiga tsakanin bel da cikina. Na auna da yatsa na ga ko ban taɓa rataye shi ba, da na kai na huɗu da gumina. Wato azabar batirin nan a banza ya sha ta. Wannan ne yake ci min rai.

Ranar cikar wa'adi muka ajiye makulli a kan benci. Ga ɗana, ga uwarsa, ga mai faci, ga 'yan lodi. Na sa bel a huji na huɗu, ya yi sako-sako. Da na tsaya nan, da yanzu yana raye. Amma na hango mai taba yana leƙowa, sai na finciko bel ɗin don ya ga har na biyar na wuce. "Tas!" Kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Ya tsinke ta baya, inda batir ya sirantar da shi. Wando, wanda aka ɗinka tun ina ƙato, ya sauka har idon sawu ba ko sallama.

Ɗana ya tsinci guntayen biyu, ya kai bakin tsinkewar hancinsa. Direba ne, ya san warin baƙin mai. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen rufi, ya dube ni, ya dubi wandon da ke ƙasa. Ya ɗauko makulli ya sa min a tafin hannu. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi, kuma har yau ban yafe masa shirun nan ba.

Marigayi ya bar wanduna shida, duk marayu, babu mai iya tsayuwa da kansa. Ya bar ƙusar bayan ƙofa, da wata igiyar lodi da ke riƙon ƙwarya a ƙuguna ba tare da ta cancanta ba.

Gobe da hantsi za a naɗe shi a sabon tsumman goge gilashi, a kwantar da shi a akwatin kayan aiki ƙarƙashin kujerar direba, don kada a raba shi da hanya. Kansa na ƙarfe zai koma jikin makulli. Ana karɓar gaisuwa a filin ƙwallo ƙarfe shida na safe. Mai zuwa ya ɗauro takalmi, don ba na tsayawa. Akwai ruwa da kokwamba. Kada wanda ya kawo min sabon bel, kuma mai taba ya yi zamansa.

Tela ya ci riba, wando shida zai rage. Likita zai ce aikinsa ne. Mai taba ya yi asarar mai shan kwali biyu a rana. Ɗana ya rasa makulli, ya samu uban da ke hawa mota da ƙafarsa. Ni na tsira da numfashina da motata. Wanda bai sha taba ba, bai ci biskit ba, bai cuci kowa ba, shi ne ya tsinke.