Dokar Turanci a Gidan Malam Shitu

Duk wanda ya shiga falon Malam Shitu Bawa, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne takardar digiri cikin gilashi, an rataye ta saitin ƙofa. Kafin a kawo maka ruwa ya ba ka labarin kowane kwas da ya ci, da sunan malamin da ya koyar, har da irin biron da ya yi rubutu da shi. Amma ka kuskura ka tambaye shi yadda ya haye jarrabawar Turanci ta baki, nan take zai tuna bai yi la'asar ba. To, ga yadda aka yi, daga bakin waɗanda suke cikin ajin.

Malam Shitu malamin gona ne a ƙaramar hukuma, shekararsa hamsin da biyu a lokacin. In dai magana ce da Hausa, ba a kai shi ƙasa. Mutum ne da zai tara manoma a gindin bishiyar maina ya yi awa biyu yana bayani a kan tsutsar masara, ba mai tashi, har masu wucewa su jingine kekunansu su tsaya. A gida ma haka yake. In ka ce hadarin nan ruwa ne, ya ce iska ce. In ruwan ya sauko, ya ce ai abin da ya faɗa ke nan tun farko, kai ne ba ka saurara da kyau ba.

Abin da ya kai shi jami'a da furfura kuwa, difloma ce da shi ta tun zamanin da. Waɗanda ya koya wa aiki da hannunsa suka tafi suka dawo da digiri, aka ɗora su a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya tsaya gaban teburin ɗaya daga cikinsu yana jiran a sa masa hannu a takardar hutu, har aka ce masa ya ɗan jira a waje, ranar ya dawo gida ko hula bai cire ba ya ce sai ya yi digirin nan kafin ya yi ritaya. Ya shiga tsarin karatun ƙarshen mako, irin na ma'aikata, Asabar da Lahadi.

Karatu ya yi ta tafiya lafiya lau, sai kwas ɗaya da ya tsaya masa a wuya: Turanci. Rubutun yana lallaɓawa ya wuce. Amma akwai jarrabawar baki, inda mutum zai tsaya gaban aji ya yi magana na minti biyar, nan ne ya faɗi sau biyu. Dokar makaranta kuwa, wanda ya faɗi karo na uku sai ya tattara ya koma gida, duk sauran abin da ya ci ya tashi a banza.

Matarsa Kubura ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garin, ɓangaren awon ciki. Ita ta shiga jami'ar bayansa da shekara biyu, sai ga shi ta iso ajin Turanci ta tarar da maigida yana nan zaune inda yake. Wannan ya fi komai ci masa rai, duk da ya ce wa abokansa da gangan ya tsaya don ya riƙa taimaka mata.

Gaskiyar magana, Turancin Malam Shitu na takardar ofis ne. Shekara talatin yana karanta wasiƙun gwamnati, su ne suka zauna masa a ka. Kubura kuwa nata gajere ne, ba ado, amma mai rai, don kullum tana fama da likitoci da masu bautar ƙasa da ba sa jin Hausa.

Saura wata guda jarrabawa, malamar ajin ta ce musu babu wata dabara sai yawan magana, kowa ya samu abokin yi a gida. A hanyar komawa, Malam Shitu yana tuƙa babur Kubura na baya, ya ɗaga murya ya kafa doka.

"Daga gobe da safe, babu Hausa tsakanina da ke a gidan nan har a gama jarrabawa. Turanci zalla. Inda kika yi kuskure zan gyara miki, kada ki ji kunya."

"To, Malam," in ji ta. "Amma fa kai ka faɗa."

"Ni na faɗa. Ina magana biyu ne?"

'Ya'yansu sun girma, babbar tana gidan mijinta, biyu suna makarantar kwana, saboda haka gidan daga shi sai ita. Rana ta farko aka yi gaisuwar safe lafiya, don wannan kowa ya iya. Matsala ta taso ne da rana, da ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa. Loma ɗaya ya kai ya ji gishiri ya ɗan yi yawa. Da a ce da Hausa ne, da an ji tarihin gishiri tun daga inda ake haƙo shi. Ya buɗe baki, ya tuna doka, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"I am directed to inform you..." ya fara, wato an umarce shi ya sanar da ita, kamar yadda wasiƙun ofis suke buɗewa.

Kubura ta ɗago kai, ta tambaye shi da Turanci, kalma uku kacal, wa ya umarce shi.

Malam Shitu ya tsaya. Shekara talatin yana karanta jimlar nan, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙamus, ya sa tabarau, ya shiga neman yadda ake cewa abu ya yi yawa ba tare da an umarci kowa ba. Kafin ya haɗa jimlar, tuwo ya huce, fushin ma ya huce. Ya cinye abincinsa tas ya wanke hannu.

Kwana biyu bayan haka makullin babur ya ɓata. Ya tabbata ita ta kawar da shi garin shara. Ya tsaya tsakar gida yana nuna ta da yatsa yana nuna taga, kalmomin sun ƙi fitowa. Ita kuwa tana ɗaura ɗankwali, ta ce masa da Turanci ya duba aljihunsa. Ya duba, ga makulli. A da, cikin minti ɗaya zai juya maganar har ta koma laifin wanda ya ɗinka aljihun. Yau sai ya yi ta motsa baki kamar mai tauna goro, ya tura babur ya fita.

Haka gidan ya yi tsit. Ranar kwana na takwas maƙwabcinsu Malam Ɗahiru, dattijo mai sayar da hatsi, ya yi sallama da hantsi ya kira shi zaure.

"Malam Shitu, lafiya kuwa? Mako guda ba mu ji muryarka ta katanga ba. Maiɗakina ta ce in leƙo, ko kwanciya ka yi ba a faɗa mana ba."

"Lafiya ƙalau, karatu muke yi."

"To Allah ya taimaka. Wannan karatu ya karɓi unguwa."

Ya koma ciki ransa a ɓace, ya ce wa Kubura, da Hausa, yana ganin a ɗan sassauta dokar, a bar ta daga azahar zuwa la'asar. Ta dube shi kamar ba ta taɓa jin yaren ba, ta ce masa da Turanci ba ta gane ba, ya sake faɗa. Bai sake ba.

Da ya ga hira ba ta yi masa, sai ya koma hadda. Ya tambayi waɗanda suka ci a baya irin abin da ake tambaya, ya rubuta jawabai uku: muhimmancin noma, abincin da ya fi so, da yadda ya yi hutunsa. Kullum bayan ya dawo daga masallaci da safe sai ya yi ta zarya a tsakar gida yana maimaitawa, hannu ɗaya a baya, kaji suna kauce masa. Ranar da ya iya kawo na noman daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, har rawa ya ɗan taka.

Ranar jarrabawa suka isa da wuri. Ɗalibai sun fi tamanin, duk manya: malaman firamare, 'yan sanda, ma'aikatan kotu, wasu da jikoki. Maza a gefe guda, mata a gefe guda. Sai ga shi ba malamarsu ce ta shigo ba. Wani matashi ne siriri mai tabarau, Dakta Mudassir, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, bai san kowa a ajin ba. Ya ajiye kwali biyu a kan tebur, ya yi bayani cewa bana an canza tsari. Babu jawabi. Mutum biyu za su fito, namiji da mace, a zaro musu takarda, su yi wasan abin da ke ciki na minti biyar. Wanda ya saki kalmar Hausa ko ɗaya, ya faɗi.

Malam Shitu ya dafe kai. Mako uku yana hadda, ga shi an kwashe tabarmar yana tsaye.

Aka yi ta kira. Wani ɗan sanda ya zama mai sayar da tumatir, wata malama ta zama fasinja da aka wuce da ita tasha, ana ta dariya. Can Dakta ya sa hannu a kwali ya zaro suna.

"Shitu Bawa."

Ya sake zarowa daga ɓangaren mata.

"Kubura Isiyaku."

Ajin ya ɗauki guna-guni, don kowa ya san su. Dakta kuwa sunaye biyu daban ya gani, bai kawo komai a ransa ba. Ya buɗe takardar wasan ya karanta: miji ya yi wa matarsa alkawari zai ɗauko ta daga tasha, ya manta, ta yi awa uku tana jira a rana. Yanzu ta iso gida da kayanta a ka. Su fara.

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi," aka yi masa tsawa.

Kubura ta gyara mayafi, ta tsaya gabansa, ta tambaye shi da Turanci ina ya shiga. Ya ce yana zuwa. Ta ce awa uku yana zuwa, daga wace ƙasa? Ta ce ta kira wayarsa sau bakwai. Ta ce ga buhun shinkafa, ga jarkar manja, ga rana, duk mai babur da ya wuce sai ya tambaye ta ko ba ta da kowa ne. Turancin yana fita ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba tangarɗa, kuma duk wanda ya dubi fuskarta ya san ba daga takardar Dakta kaɗai take karantowa ba.

Malam Shitu fa amsoshi sun cika masa baki fal. Yana da guda goma, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi: taya ce ta yi faci, ita ce ba ta faɗi lokaci daidai ba, wayar ce ba ta da caji, kuma ma wa ya ce ta sayo shinkafa buhu guda? Amma duk da Hausa suka zo. Ya nemi ko ɗaya ta juye zuwa Turanci, suka ƙi. Zufa ta keto masa ta ƙarƙashin hula. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya kama abin da ke kusa, ya ɗaga yatsa ya sanar da ita cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasa.

Aji ya fashe. Wata Hajiya har da riƙe ciki. Dakta ya buga tebur, ya ce saura minti ɗaya.

Kubura ba ta yi dariya ba. Ta san abin da zai biyo baya in ya faɗi: asarar shekara huɗu ta zirga-zirga a kan babur, da mutumin da zai koma ofis ya ci gaba da jira a waje. Ta sassauta murya, ta rage gudu, ta yi masa tambaya mafi sauƙi da ta iya samu. Ta ce, to yanzu me zai ce mata?

Malam Shitu ya dubi silin, ya dubi Dakta da agogonsa, ya dubi ajin da ya yi tsit yana jira. Sannan ya dubi matarsa. Duk ƙamus ɗin da ke kansa ya watse, abu ɗaya ya rage. Ya sauke yatsan, ya ce a hankali:

"I am sorry."

Ya ba ta haƙuri ke nan, ba ƙari, ba ragi. Lokaci ya cika.

Dakta Mudassir ya rubuta makin Kubura ba tare da ya yi tunani ba. Da ya zo kan sunan Malam Shitu sai biron ya tsaya. Ya cire tabarau, ya murza ido, ya sauko zuwa Hausa don dattijon ya ji shi da kyau.

"Baba, ka sa ni a tsaka mai wuya. Na ga wannan ne zuwanka na ƙarshe. Amma minti biyar, jimla ɗaya ce tak ka faɗa a inda ya dace, ita ma kalma uku. Wannan ai ko ɗan aji ɗaya na firamare ya iya ta. A kan me zan ba ka maki?"

Malam Shitu ya sunkuyar da kai. Kubura ta ɗauki jakarta, ta rataya a kafaɗa.

"Dakta, don Allah ka ba shi makinsa cikakke," in ji ta. "Shekara ashirin da huɗu ina aurensa, jimlar nan ko da Hausa bai taɓa haɗa ta ba."