Akwatin Zaɓen da Ya Leƙa Ƙonni

Wani ne a nan Illela, ɗan kabu-kabu, amma ba irin mai tsayawa bakin tasha yana kiran fasinja ba. Shi ɗan fito ne. Shinkafa, taliya, jarkokin mai, duk kayan da ba ya son haɗuwa da kwastan, shi ke goya shi a babur ya bi daji. Wayo kam babu, Allah bai ba shi ba. Amma hanyar daji tsakanin nan da Ƙonni da ke tsallaken iyaka, ko makiyayi sai ya tambaye shi.

Sai dai yana da wata cuta. In akwai kaya a bayansa ya hango kaki a gabansa, hannunsa ne ke karkata kan babur tun kansa bai sani ba. Ya taɓa afkawa gonar gero da matarsa Tasalla a baya, don kawai ya hango 'yan agaji suna gyara sahun motoci a bakin masallacin Juma'a. Da ta tambaye shi dalili, ya ce ai ita ma kaya ce.

To, zaɓe ya matso. Akwai ɗan wan babansa, Maccido, sakataren wata 'yar ƙungiya da aka ba izinin tura 'yan sa-ido rumfunan zaɓe. Kowa ya zaɓi cikin gari. Saura wani ƙauye can bayan Araba, inda mota ba ta son zuwa. Maccido ya kira mutumin naku.

"Ranar zaɓe an rufe boda, ba ka da aikin yi. Zo in ba ka aikin mutunci, ko na yini guda ne."

"Mi za a ɗauko, Yaya?"

"Ba a ɗauko komi! Kallo za ka yi. Doka ta ba ka izinin shiga rumfa, da wurin ƙirga, da wurin tattara sakamako. Ga falmaran, ga kati, ga sitika ka manna ga babur. Ba mai tsai da kai."

"Har soja?"

"Har soja."

Mutumin ya riƙe baki. Tun da ya koyi tuƙi bai taɓa wuce shinge ta kan kwalta ba.

Maccido ya kama kunnensa, ya ce, "Amma saurara da kyau. Akwatin zaɓe, ko da ɗan yatsa kar ka taɓa. Wanda duk anka kama ya gudu da akwati, gidan yari ne, kuma ba irin wanda aka shiga da safe a hito da marece ba. Babu 'oga a duba'. In ka ja ma kanka, wallahi ban san ka ba."

"Gidan yari kan akwati?"

"Kan akwati."

Ranar zaɓe, tun da sassafe ya isa ƙauyen da falmaran ɗinsa mai ƙyalli. Malamar zaɓen wata malamar firamare ce, Malama Mahbuba, mace mai zafin nama. Ta ajiye akwati a gindin dalbejiya, irin na roban nan da ake ganin cikinsa. Mutumin ya tsaya nesa kaɗan, hannuwa a baya, ya zuba masa ido. Aka kawo fura, ya ƙi karɓa. Wata tsohuwa ta zo jefa ƙuri'a ta yi tuntuɓe ta dafa akwati, shi ne ya yi tsalle baya yana ihu.

"Jama'a ku shaida, Goggo ce tat taɓa, ba ni ba!"

Wani Bafulatani, Jaɓɓo, ya jefa tasa da hantsi, ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Kaɗo, lafiya? Akwatin cizo shika yi?" Mutumin bai ko juyo ba. Jaɓɓo ya kaɗa kai, ya saɓa sandarsa, ya bi shanunsa.

Bayan la'asar aka gama jefa ƙuri'a. Malama Mahbuba ta ɗaure murfin akwati, tana shirin a share fili a fara ƙirga, sai ga wani ya taho a guje, hula a hannu.

"'Yan banga! Mota cike! Sun tarwatsa rumfar ƙauyen gaba, nan sunka nufo!"

Wuri ya kaure. Ɗan sandan da ke wurin ya dubi kulkinsa, ya dubi hanya, ya fara gyara igiyar takalmi. Motar da ta kawo malaman zaɓe da safe kuwa ba ta komo ba. Malama ta waiga, idonta ya faɗa kan babur.

"Malam ɗan sa-ido, wancan mai sitika naka ne?"

"Nawa ne, Malama."

"Za ka kai akwatin nan cikin gari, wurin tattara sakamako. A can za a ƙirga."

Mutumin ya ja da baya. Ya ce, "Malama, ki rufa mini asiri. Yaya Maccido yac ce ko ɗan yatsa!"

"Wa ya ce ka taɓa? Ni zan ɗaura. Babur ne zai taɓa, kai tuƙi ne naka."

Ya tsaya yana juya maganar, bai ga inda ta karye ba. Ta ciccibi akwati ta aza a bayan babur, ta jawo roba tana ɗaurewa. Nan fa ɗan sana'a ya motsa.

"A'a, a'a, Malama. Wanga ɗauri ko bakin gari ba shi kaiwa. Ki gicciya robar. Ki zagayo ta ƙasa. Ja! Ƙara ja! Yauwa." Ya ja baya ya duba. "Kuma kaya ba a barinsu tsirara haka, kowa na ganin cikinsu. A samo buhun albasa a rufa."

Aka rufa buhun albasa. Malama ta buga waya, ta juyo ta yi masa magana dalla-dalla yadda take wa 'yan aji ɗaya.

"Akwai sojoji a mararraba. Na gaya musu kana tafe. Kai suke jira, su za su raka ka har cikin gari. Ka ji?"

"Na ji."

"Mi nic ce?"

"Sojoji na jirana, su raka ni."

"Madalla. Ni zan biyo baya da abin hawan da na samu."

Ya tayar da babur. Yana tafe yana bita da ƙarfi: "Ni ɗan sa-ido ne. Ga sitika. Sojoji nawa ne. Ni suka jira." Ya hau kwalta, ya ƙara bita. Can ya hango shinge, ya hango kaki. Wani soja ya fito tsakiyar titi yana ɗaga masa hannu, har da murmushi.

Kaya a baya, kaki a gaba. Wallahi bakinsa na cewa "sojoji nawa ne" hannunsa ya yi kwana. Sai cikin gonar dawa!

Sojoji suka dubi juna. Suka afka mota suka bi shi suna hon, suna kiran, "Tsaya! Mu ne!" Shi kuwa duk wanda ya taɓa binsa da mota yana cewa "tsaya" bai taɓa nufinsa da alheri ba. Ya murɗe mai. Yana gudu yana yi wa hannuwansa faɗa: "Kai! Ku bari! Za ku kashe ni!" Ina! Hannuwa sun san aikinsu. Suka ratsa da shi ta bayan wata rijiya, suka gangara kwazazzabo, suka ɓulla ta wata 'yar hanya da ko jaki sai ya tsuke ciki. Ƙarar mota ta yi nisa, ta ɓace. Ya ji wani daɗi ya taso masa, irin na ɗan fiton da ya sha. Sai kuma ya tuna abin da ya sha da shi.

Ya taka birki a wani burtali, yana haki. Ƙaya ta daɗe da fizge buhun albasa, ga akwati nan fili, ƙuri'u na kwance a ciki. Sai ya ji murya daga cikin shanu.

"Kaɗo! Wanga ba akwatin da nis sa ƙuri'ata da hantsi ba ne?"

Jaɓɓo ne, ya dogara sanda.

"Shi ne."

"To ina za ka kai ta? Ni dai ban zaɓi kowa a Faransa ba."

Kun san irinsu Jaɓɓo har yau haka suke kiran tsallaken iyaka. Mutumin ya ce, "Wace Faransa? Illela za ni."

Jaɓɓo ya nuna da sanda. "Ka ga tsamiyar can bayanka? Tun can ka bar Nijeriya. Waɗancan rufin kwanon da kaka hange, Ƙonni ce."

"Innalillahi! Na shiga uku! Na gudu da akwati, kuma na hidda shi ƙasar waje!"

"To miƙo mini tawa in koma da ita. Ta sha wahala."

"Ban iya taɓawa!"

Suna cikin haka sai ga jandarmomi, 'yan sandan tsallake, masu sintiri a kan babura. Wannan karon hannuwa sun so su yi aikinsu, amma taya ta nutse cikin rairayi. Babbansu, wani dogo mai gashin baki, ya sauko ya zagaya babur, ya kira shi 'mushe', wato malam a Faransancinsu.

"Mushe, an rufe iyaka. Mi kaɗ ɗauko?"

"Ƙuri'u ne, ranka shi daɗe."

"Mi?"

"Ƙuri'u. Na zaɓe."

Jandarma ya sunkuya ya leƙa ta jikin roba. Ya daɗe yana kallo. Ya yafuto sauran. "Ku taho ku gani. Kun tuna da irin wanga?" Suka kewaye akwati suna leƙe, wani ƙarami cikinsu har da ɗaukar hoto.

Babban ya miƙe ya ce, "Mun kama mai shinkahwa, mun kama mai man hetur, yau ga mai ƙuri'a. Wa yac ce maka akwai mai saye? Mu nan kasuwar wanga kaya ta daɗe da tashi, tun da soja sunka hau mulki. Maida shi inda kaɗ ɗauko, kahin shi ja muna magana."

Su da kansu suka turo masa babur daga rairayi, suka raka shi har gindin tsamiya. Jaɓɓo na daga baya yana kira, "Ka gaishe mini da ita in kun isa!"

To, yanzu fa sai shi da akwati a daji, rana ta yi ja. Ya yi tunanin jefa shi rijiya ya gudu Agadas. Ya kai hannu zai kwance roba, ya tuna ko ɗan yatsa, ya janye. Ya gwada girgiza babur ko akwati ya faɗo da kansa. Ɗaurin da ya koya wa Malama ne, ko girgizar ƙasa ba ta kwance shi. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai, da majina. Ya tuna Tasalla, ya tuna tuwon gidan yari da aka ce cokali na tsayawa a ciki. Daga ƙarshe ya share fuska da falmaran, ya ce gara ya kai kansa, ko a rage masa.

Ya shigo gari ta kan kwalta, a hankali. Tun daga nesa ya ji ganga da guɗa. Wurin tattara sakamako ya cika maƙil, lasifika na ta amo, samari na rawa a kan motoci. Maccido ne ya fara hango shi. Ya taho da gudu, ya ga akwati, ya ja birki, ya juya kamar bai taɓa ganinsa ba.

Mutumin ya tura babur har gaban tebur. Babban jami'in da ke karɓar sakamako na zaune, wani mai ƙiba da babbar riga, yana shan lemo. Mutumin ya zube a ƙasa ya miƙa hannuwa biyu.

"Ranka shi daɗe, na kawo kaina. A sa ankwa. Ni nig gudu da akwati."

Jami'i ya sauke kwalba. "Wane akwati?"

"Na ƙauyen bayan Araba. Wallahi ban taɓa shi ba, hannuna ne yay yi kwana. Har Ƙonni mun leƙa, amma ko murfin ba a ɗaga ba, jandarmomi shaida ne."

"Ƙauyen bayan Araba?" Jami'i ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi sama. "Ai an ƙirga nasu tun ɗazu. Ba ka ji a lasifika ba? Mutanen kirki, kowa ya fito, babu ƙuri'ar da ta lalace."

"An ƙirga?"

"Tsaf."

"Malama Mahbuba ce tak kawo?"

Wani daga gefe ya ce ai Malama yanzu ta bugo waya, tana hanya a amalanken shanu.

Jami'i ya yi gyaran murya. "Ka ga, malam, kar ka tara mana jama'a. Babu akwatin da ya ɓace. Tunda babu akwatin da ya ɓace, babu wanda ya gudu da akwati. Tunda babu wanda ya gudu da akwati, babu mai zuwa gidan yari. Tashi ka tafi gida."

"Babu gidan yari?"

"Babu."

Mutumin ya yi sujada a wurin. Ya tashi yana dariya yana hawaye, ya kama babur zai juya. Sai ya tsaya. Ya dubi akwati a bayansa, murfi a ɗaure, ƙuri'u a kwance yadda aka jefa su. Ya dubi jami'i. Ya kafe babur, ya lallaɓo kusa da tebur, ya cire hula, ya rage murya cikin ladabi.

"Ranka shi daɗe, don Allah ka taimaki ƙaramin ɗan sana'a. Tun ina yaro nika fito da kaya ta daji, ban taɓa ganin kaya sun riga babur isowa ba. Ta ina taku hanyar tab bi?"